Ranar da Na Kira Sunan Malam

Malam ya fara hawan dutse ne a matakalar benenmu da ke unguwar Setapak a Malesiya. Kullum bayan sallar asuba sai ya cika jakar goyo da littattafan karatunsa, ya saɓa, ya bar lifta tana nan lafiyarta ƙalau, ya bi matakala tun daga ƙasa har hawan da muke, ya sauka ya sake hawowa. Yakan shigo yana haki, riga sharkaf, ya ce min jiki ya fara karɓa. Ni kuma in ce masa mutumin da aka haifa a gindin Dala, har ya yi gemu bai taɓa leƙa samanta ba, shi ne yau zai je Nepal ya taka duwatsun da suka wuce gajimare. Sai dai ya yi 'yar dariyar nan tasa ta gefen baki, wadda na daɗe da sanin ma'anarta ita ce an riga an gama magana.

Mijina ne, amma Malam nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan. Sunansa sunan mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. A gidanmu ba a kama wannan sunan, duk yaron unguwar da ya ci shi mai sunan Baba muke ce masa. To sai ga shi an ɗaura min aure da mai sunan Baba, kunya ta zama biyu. Na yi digiri a gida, na zo Malesiya na ƙara wani, bakina bai taɓa furta shi ba. A ofishin shige da fice in an tambaye ni sunan miji, fasfonsa nake miƙawa. In mai kawo saƙo a babur ya bugo yana tambaya ko gidan wane ne, sai in ce eh gidan ne, in kashe wayar kafin ya nemi in maimaita masa. Ƙawayena sun yi min tsiya har sun gaji, suna cewa boko bai wanke min ƙauyanci ba. Shi kansa Malam ya sha tsokanata, wai zai saya min sarƙar gwal in na faɗa ko sau ɗaya. Na ce ya riƙe gwal ɗinsa.

Tafiyar ta taso ne bayan ya kare kundin digirinsa na uku. Ilimin ƙasa ya karanta, kuma tun yana sakandare ya ga hoton duwatsun nan a littafi ya ƙwallafa rai a kansu. Wasu abokan karatunsa biyu 'yan Malesiya suka shirya zuwa, ya ce da shi za a je. A lokacin, korona labari ce da muke ji a waya, ana ta sayen takunkumi, amma ba a rufe komai ba tukuna. Na ce ya haƙura. Ya ce in muka koma Kano, aikin koyarwa da dangi suka rufe shi, shi da ganin dutsen nan sai a mafarki. Hajiya mahaifiyarsa kuwa ce mata ya yi zai je wani ɗan bincike maƙwabtan ƙasa, don ya san in ta ji gaskiya ba za ta bari ba. Na haɗa masa dambun nama da yaji. Shi kuma ya ɗauko kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro da muka zo da shi daga gida ya tura a aljihun jaka, kamar yadda kowane ɗan Najeriya yake yi ko ina za shi.

Kwanakin farko, gaskiya har ni na ji daɗi. Duk inda ya samu sabis sai hotuna su yi ta shigowa. Ga ɗan ƙaramin jirgin da ya sauke su a wani fili mai gangara a jikin dutse. Ga gadar waya tana lilo a kan wani kwari mai zurfi, an ɗaɗɗaura mata ƙyallaye kala-kala. Ga ƙauyukan mutanen Sherpa, gidajen dutse masu rufin kwano shuɗi da kore, gonakin dankali a zagaye da katanga. Ya turo min bidiyon shanunsu masu gashi har ƙasa, da ƙararrawa a wuya, ya ce in sun taho a siririyar hanya kai ne za ka manne a jikin dutse ka ba su wuri. Ya ce 'yan dakon kasuwar Singa su zo su ga dako, mutum ya ɗaura kaya da igiya a goshi, kayan sun fi shi tsawo, yana hawa yana hira a waya. Shayinsu da man shanu da gishiri ake yi, ya ce kamar an dama miyar kuka da ruwan zafi. Da yamma kowa ya taru a zauren masauki, a kewaye murhun ƙarfe da ake hura shi da busasshen kashin shanu. Muryarsa ta koma ta yaro. Rabon da in ji shi haka tun kafin ya fara wahalar kundin nan.

Yana da jagora, wani ɗan Sherpa da ya girme shi, wanda yake masa faɗan ya riƙa tafiya a hankali yana shan ruwa da yawa. Burinsu shi ne wata mashiga, wato 'yar kafa can ƙololuwa tsakanin duwatsu biyu, inda ake ƙetarawa a faɗa wani kwarin. Sai an yi kwanaki ana hawa ƙauye bayan ƙauye kafin a kai gindinta.

Suna cikin wannan hawan aka rufe Malesiya. Dare ɗaya Setapak ta yi tsit. Shagon mamak, wato gidan shayi da abinci, da ke ƙasan benenmu, wanda ba ya rabo da 'yan makaranta, aka kife kujerunsa a kan tebura. 'Yan sanda suka tare titi. Aka ce mutum ɗaya ne zai fita cefane a kowane gida, maigida, ni kuwa nawa maigidan yana can yana kallon shanu masu gashi. Na zauna da yara biyu a ɗaki, suna tambayata da Turanci yaushe babansu zai dawo. Abokan tafiyarsa da suka ji labari suka juya suka gangaro don su samu jirgi. Malam ya ce shi fa ya zo gab, ba zai juya ba, in ya ƙetare mashigar sai ya sauko ta wancan ɓangaren. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na daina ɗaga waya rabin yini. Duk bai sa ya fasa ba.

Sai ciwon kai ya fara. Ya faɗa min a tsaitsaye, kamar ba komai ba. Washegari ya ce abinci ba ya masa daɗi, ko dambun bai taɓa ba, jikinsa duk a mace, ya yi amai sau ɗaya. Kafin in ce wani abu ya riga ya yanke hukunci, wai zazzaɓin cizon sauro ne, ya san shi tun yana goye, ya ma fara shan magani. Na ce wane sauro ne zai rayu a inda ruwan alwala yake daskarewa a buta? Ya ce ai tsohon zazzaɓi ne da yake kwance a jini, wahalar hanya ta tashe shi. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wannan bayanin, kowa likitan kansa ne in dai ciwon kai da kasala ne. Ya sha maganinsa, ya ɗora da na ciwon kai, ya ci gaba da hawa.

Da suka kai ƙauyen ƙarshe, wanda daga shi sai mashigar, tari ya shigo. A waya nake jin sa, busasshe da farko, daga baya ya fara kauri. In zai yi magana sai ya raba jimla gida biyu ya huta a tsakiya. Nan ne ya rage murya ya ce min kada in kuskura in faɗa wa kowa, shi ma yana ɓoyewa, cikin bargo yake tarinsa. Ya ce labarin cutar ya iso har can, an ce za a rufe ƙasar, masu masauki sun fara kallon baƙi a ɗarare. Shi kaɗai ne baƙar fata a duk hanyar, ga shi daga ƙasar da aka rufe ya fito. In suka ji yana tari, ko su kore shi cikin sanyi, ko su kulle shi a wani ɗaki a manta da shi.

Ban ga laifinsa ba a wannan tsoron. Mun sha shiga jirgin ƙasa a garin nan mu zauna, na kusa da mu ya tashi ya koma tsaye, tun ma babu wata cuta. Mutumin da ya shekara yana haɗiye irin wannan ba zai yi saurin yarda cewa ana nufinsa da alheri ba. Sai na yi shiru kamar yadda ya ce, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ya turo min saƙon murya. Na saurara ina tsaye a kicin, ludayi a hannuna. Maganar tana jan ƙafa kamar ta wanda aka tasa daga barci. Ya gaishe ni, ya ce yau za su huta, gobe da asuba su ƙetare. Sai ya sake gaishe ni, ya sake cewa gobe za su ƙetare. A ƙarshe ya tambaye ni ko na ga takalminsa na makaranta. Tsakanin kalma da kalma akwai wani ƙara a ƙirjinsa, kamar ana zuƙar ragowar kunu da tsinke. Na ajiye ludayin ban san a ina ba.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata 'yar Jos ce, ma'aikaciyar jinya da ta zo ƙarin karatu. Kirista ce, mun saba sosai, da Kirsimeti ta aiko mana shinkafa, da Sallah in aika mata nama. Tun da aka yi kulle ta bayan ƙofar ƙarfe muke gaisawa. Na ƙwanƙwasa, na ja baya, na ɗora wayar a ƙasa tsakaninmu na kunna mata. Ta tsuguna ta kasa kunne, ta ce in sake kunnawa. Da ta ɗago, fuskarta ta canza ko ta bayan takunkumi.

"Sister, wannan ba malaria ba ne o," ta ce. "Akwai ruwa a chest ɗin nan, kuma kansa ya fara juyawa. Ni ban taɓa jinyar ciwon dutse ba, a littafi na karanta. Amma ko korona ne ko dutse ne, mutumin nan ya sauko yau. Kar ya ƙara kwana a wurin."

Na ce ya hana ni faɗa wa kowa. Ta kalle ni kawai, ni ce na sunkuyar da kai.

Na kira shi ya ƙi shiga. Ba ni da lambar jagoransa, don Malam bai taɓa tunanin zan buƙace ta ba. Na koma cikin hotuna ina dubawa, har na samu wanda ya ɗauka jiya a ƙofar masaukin, yana tsaye ya ɗaga sandarsa. A bayansa akwai allon masaukin, da lambar waya a ƙasa. Na buga. Wata tsohuwar murya ta mace ta ɗauka, na yi Turanci, ta yi yarenta, na sake yi, ta sake yi, muka yi ta yi wa juna ihu ba mai fahimtar wani. Ta kashe.

Sai na tuna maigadin ƙofar benenmu ɗan Nepal ne. Na kulle yara a ciki, na bar wa maƙwabciyata mukulli, na saka hijabi da takunkumi na sauka. Yana zaune a 'yar rumfarsa, gabansa tebur da na'urar auna zafin jiki, an ja jan layi a ƙasa wanda ba a ƙetarewa. Na tsaya a bayan layin na yi masa bayani da guntun Malayancina da Turanci. Na ce ai shi ya san duwatsun nan. Ya girgiza kai, ya ce shi garinsu can ƙasa yake, zafi da sauro da gonakin shinkafa, bai taɓa taɓa dusar ƙanƙara da hannunsa ba. Amma yare dai zai iya. "Boleh, Kak, boleh," ya ce, wato zai yiwu, yaya, ya nuna min in ɗora wayar a kan tebur.

Kafin in danna lambar na tsaya. Abin da zan faɗa wa matar nan shi ne ainihin abin da Malam yake ɓoyewa. In tsoronsa gaskiya ne, da bakina zan sa a fitar da mijina waje cikin ƙanƙara, ina nan a ƙasar da ko ƙofar gida ba ni da ikon wucewa. In kuma na yi shiru, zai kwana a can. Na yi bisimilla na danna.

Matar ta ɗauka. Suka gaisa da maigadin, ya juyo ya ce tana tambaya wane baƙo, mene ne sunansa. Na ce ya ce mata baƙin mutum, ɗan Najeriya. Da ya faɗa sai na ji ta ɗaga murya ta yi magana mai tsawo ba numfashi. Na riƙe gefen hijabina ina jira, na tabbata korar ce ta zo. Maigadin ya saurara har ta gama, sannan ya fassara min. Ta ce ta san shi, mai wanke ƙafa da ruwan sanyi kafin ya yi ibada. Ta ce bangon ɗakunansu falanki ne, duk gidan ba wanda bai ji tarinsa ba tun daren jiya. Ta kai masa miyar tafarnuwa ya ƙi buɗe ƙofa. Wannan tarin ta san shi tun tana yarinya, na dutse ne, ya kashe mutanen da suka fi shi ƙarfi. Tana tambaya, wai ke matarsa ce, me ya sa sai yanzu kika kira?

Sai ga jagoran ya karɓi wayar. Shi yana jin Turanci, muryarsa a kwance amma yana sauri. Ya ce tun jiya yake roƙon Malam su sauka. Da safe ya sa shi ya taka layi a tsakar zaure, ƙafa gaban ƙafa, ya kasa, sai da aka tare shi. Jirgi mai saukar ungulu ba tabbas, gajimare ya rufe kwarin, ga kuma komai ya tsaya saboda kulle. Ya samo doki, yana ɗaure a ƙofa da sirdinsa. In suka tashi yanzu za su kai wani ƙauye a ƙasa mai ɗan asibiti kafin duhu. In suka ƙara jinkiri, hanya ba za ta biyu ba, kuma shi ba zai yi min alkawarin Malam zai ga safiya a wannan tsayin ba. Ya ce ba zai iya ɗaure babban mutum ya ɗora a doki ba, hanyar siririya ce, sai da yardar mai hawa.

"Madam, ni ba ya jin maganata," ya ce. "Bari in kai miki shi."

Na ji takunsa a kan katako, na ji ƙwanƙwasa ƙofa, na ji ana magana ƙasa-ƙasa. Sai numfashin Malam ya cika wayar, kafin muryarsa.

"Wa ya ce ki kira su?" ya ce. "Kin tona min asiri ke nan. Dama korata suke so su yi."

Na ce ba korarsa za a yi ba, asibiti za a kai shi. Ya ce maganin bai gama aiki ba ne, gobe zai shanye na ƙarshe ya warware, ya ƙetare. Na ce Malam don Allah, don Annabi. Na haɗa shi da yaransa, na haɗa shi da Hajiya da take can tana zaton yana ɗakin bincike. Na yi masa alkawarin in Allah Ya kai mu wata shekara ni da kaina zan haɗa masa jaka ya dawo. Duk abin da na faɗa, sai ya ce gobe. Can sai ya bar zancen gaba ɗaya, ya ce in rufe masa taga iska tana shigowa, in kuma miƙo masa bargon da ke saman wardirof. Yana magana da ni kamar ina tsaye a bakin gadonsa. A bayansa ina jin jagoran yana cewa lokaci, madam, lokaci.

Malam ɗin da nake ta kira ba ya isa inda yake. Kalmar ta saba da kunnensa, da ita nake tashinsa, da ita nake kiransa cin abinci, da ita nake masa mita, ta zama kamar ƙarar fanka. Na duba gefena, ga maigadi ya zuba min ido, ga wani mai kawo abinci a babur ya tsaya da leda a hannu yana jira. Na janye takunkumin daga bakina, na sunkuya kan wayar, na kira sunansa. Gatsal, ba Malam ba komai, da ƙarfi, yadda ake kiran yaron da ya nufi bakin rijiya.

Wayar ta yi shiru, har tarin ya tsaya. Na ɗauka layin ne ya yanke.

"Na'am," ya ce. Muryar ƙarama, kamar ba tasa ba.

"Tashi ka hau dokin nan."

Sai ya ce, "To."

Na ji jagoran ya yi wata magana da yarensu, na ji ƙafafu suna shigowa, ana jan zif ɗin jaka. Ya ce min sun tafi, ba sabis a hanya, zai neme ni in sun isa. Wayar ta mutu. Maigadin ya turo min kujerarsa da ƙafa ta ƙetare jan layin, na zauna a bakin ƙofar bene ina kuka, bakina yana min wani iri kamar na tauna abin da ba a ci. A zuciyata ina ta ba Baba haƙuri.

Yinin nan ban san yadda ya wuce ba. Na ɗora shinkafa ta ƙone, maƙwabciyata ta ajiye wa yara abinci a bakin ƙofa. Da la'asar hadari ya haɗo aka tsuge da ruwa da tsawa irin na garin nan, ni kuwa ina ta ganin doki a siririyar hanya, da gadar nan mai lilo, da mutumin da ya kasa taka layi a tsakar ɗaki. Duk sanda waya ta yi motsi sai in zabura in ɗauka. Ɗaya daga ciki Hajiya ce daga Kano, ta kira ta ji ya muke da kulle. Ta ce kwana biyu ba ta ji ɗan nata ba, ita ma ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Na ce yana lafiya, aiki ne ya yi masa yawa, wurin ba sabis sosai. Ta ce Allah Ya tsare, ta yi ta sa masa albarka, ina amsawa da amin ina toshe bakina da gefen zane.

Ana gab da kiran magariba hoto ya shigo daga wata baƙuwar lamba. Malam ne a zaune a kan benci, an lulluɓe shi da bargo, robar iska a hancinsa, leɓensa duk ya fashe. Idonsa a buɗe, yana riƙe da kofi da hannu biyu. A ƙasa jagoran ya rubuta cewa sun isa, likita yana dubawa. Na kai goshina ƙasa a nan tsakar falo, yara suka zo suka tsaya a kaina suna tambayata me ya faru.

Likitan ya ce ruwa ne ya taru a huhunsa saboda tsayin wurin, ƙwaƙwalwa ma ta fara kumbura. Da aka yi masa gwaji daga baya ba a samu korona ba, sauro kuwa dama ba a maganarsa. Yana sauka yana warwarewa, har ya dawo da ƙafarsa inda jirgi ya sauke su. Amma ƙasashen biyu duk a rufe suke, sai ya maƙale a Kathmandu, babban birnin Nepal, wata da watanni. A can ya yi azumi, a can ya yi Sallah, mu ma muka yi tamu mu uku a ɗaki. Kullum muna waya, muna zancen yara da cefane da takardun dawowa. Zancen ranar nan kuwa ba wanda ya ɗauko, ni kunya, shi ban san dalilinsa ba.

Sai da ya dawo, ya gama zaman killacewa a otal, ya shigo gida a rame wando yana masa yawa. Na yi masa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa busasshiya da na daɗe ina ɓoyo. Yara suka gama murnarsu suka koma kallo. Ya wanke hannu, ya zauna, bai fara ci ba. Ya ce shi fa bai tuna dokin ba, bai tuna hanyar ba, bai tuna ma ya yi min faɗa ba, jagoran ne ya ba shi labari. Abu ɗaya ya riƙe. Yana cikin wani wuri mai daɗi, ba sanyi ba ciwo, yana ta nisa, sai ya ji an kira shi. Tun rasuwar mahaifinsa ba wanda ya kira shi haka. Da ya gane muryata ce sai tsoro ya kama shi, don ya san in dai ni na furta sunan nan, to abin ya kai inda ya kai.

Sannan dariyar gefen bakin nan ta dawo. Ya ce ai yanzu na ci sarƙar gwal. Ya matso da kunnensa, ya ce tunda baki ya riga ya buɗe, in ƙara faɗa sau ɗaya ya ji da hankalinsa.

Na tura masa kwanon miya gabansa. Na ce, "Malam, tuwonka yana hucewa."

Ban sake faɗa ba har yau, sarƙar ma ban karɓa ba. Duk sanda na idar da salla ina roƙon Allah kada Ya sake nuna min ranar da zan buƙaci kiran sunan nan.